Daga Jar Tuta Zuwa Mil 20: Tarihin Rigimar Direbobi da Dokar Rage Gudu

Jama'a, mu marubuta littattafan soyayya muna da wani laifi da ya kamata mu amsa. Duk sanda labari ya cushe mana, muka rasa yadda za mu yi da kishiya ko mugun kawu, sai mu ɗora shi a mota, mu sa direba ya taka totur, shafi na gaba sai ka ji ana koke-koke a asibiti. Ni kaina na kashe mutum ya fi goma a kan titi da bakin biro, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina gudun nawa motar take yi ba, sai da abin ya zo ƙofar gidanmu.

Layinmu a nan Kano ya shekara da shekaru daga turɓaya sai ramuka. Ranar da aka shimfiɗa masa kwalta har guɗa mata suka yi. Ba a rufa wata uku ba wata mota ta kwashe yarinyar maƙwabcina, 'yar shekara bakwai, an aike ta kai niƙa. Ta rayu, amma har yau da ɗingishi take tafiya. A satin matasan unguwa suka yi karo-karo suka sayi siminti, suka gina tudu uku a tsakiyar titin don dole mai mota ya taka birki.

Wanda ya fi kowa jin haushin wannan aiki shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake tuƙin haya tun ina sakandare. Ya same ni a zaure ya ce, "Kai marubuci, kana zaune a inuwa kana shirya ƙarya ana biyanka. Ni in ban yi sawu takwas ba ban haɗa balas ɗin mai mota ba, balle na cefane. Ga shi tudunku ya cire min salansa." Na ce, "Yaya, ai 'ya'yanmu ne suke tsallaka titin." Ya ce, "Su ma nawa 'ya'yan da gudun nan suke cin tuwo."

Muna nan a haka, wata rana a cikin 2023 sai ga shi ya zo yana murmushi, wai ya ji a rediyo cewa direbobi a yankin Wales na Birtaniya sun yi bore saboda an rage musu gudu a cikin gari. Ya ce, "To ka ji, su Turawan ma da suka kawo motar sun ƙi." Wannan magana ita ta sa na ɗauki ɗan Turancina na sakandare na shiga bin diddigin rigimar. Abin da na tarar shi ne, a ƙasar ta Birtaniya faɗan nan ya girmi motar fetur ma kanta.

A shekarar 1865 majalisar Birtaniya ta yi doka a kan manyan injinan tururi da suka fara hawa hanya. Dokar ta ce kada su wuce mil 4 a awa a bayan gari, a cikin gari kuwa mil 2, wato ko tafiyar tsohuwa mai sanda ta fi haka. Sannan dole a sami mutum uku tare da injin, ɗaya daga cikinsu yana tafe a ƙasa yadi 60 a gaba, riƙe da jar tuta yana gargaɗin masu dawaki. Daga baya an sassauta maganar tutar, amma iyakar gudun ta zauna daram har motocin fetur suka iso suka tarar da ita.

A nan ne aka sami direban farko da aka ci tara saboda gudun wuce sa'a a ƙasar. Sunansa Walter Arnold. Ranar 28 ga Janairu, 1896, ya ratsa ƙauyen Paddock Wood a lardin Kent yana mil 8 a awa, ninki huɗu na abin da doka ta yarda. Ɗan sanda ya bi shi a kan keke har ya cim masa, kotu ta ci shi tarar sule ɗaya da kuɗin shari'a. Ka ji fa, mai karatu, keke ya kamo mota! Gaskiya a wannan karon masu mota suna da hujja, domin dokar da aka yi don ƙaton injin tururi ba ta dace da ƙaramar mota ba. A watan Nuwamba na shekarar aka ɗaga iyakar, masu motoci suka yi bikin samun 'yanci, suka yaga jar tuta, suka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton. Har yanzu duk Nuwamba sai an maimaita wannan tafiya da tsofaffin motoci.

Sai dai a wannan shekara ta 1896 wani abu ya faru da ba a yi masa biki ba. A watan Agusta wata mata mai suna Bridget Driscoll, 'yar shekara 44, tana tafe a harabar Crystal Palace a Landan mota ta buge ta ta mutu. Ita ce ta farko da mota ta kashe tana tafe a ƙasa a Birtaniya. Ashe tun ranar gini ranar zane: shekarar da mai mota ya fara kukan an takura shi, ita ce shekarar da mai tafiya a ƙasa ya fara biya da ransa.

A 1903 aka mayar da iyakar mil 20. 'Yan sanda suka riƙa laɓewa a bayan shinge da agogo a hannu suna auna gudun motoci. Masu mota, waɗanda a lokacin attajirai ne da 'ya'yan sarauta, suka ce wannan tarko ne na tatsar kuɗi, irin dai maganar da ake yi a tashoshinmu yau. A 1905 suka kafa ƙungiyar AA, wadda aikinta na farko shi ne ta baza ma'aikata a kan kekuna su riƙa tsegunta wa 'yan ƙungiya inda 'yan sanda suka ɓuya. Da kotu ta ce wannan hana hukuma aikinta ne, sai suka sake dabara: ma'aikacin zai riƙa sara wa duk ɗan ƙungiyar da ya wuce, ranar da ka ga bai sara maka ba, to ka san akwai magana a gaba. Da na ba Yaya wannan labari dariya ya yi har da tafawa, ya ce ai su ma da fitila suke yi wa juna ishara a hanyar Zariya.

Matsin lamba ya yi yawa, ga shi kusan kowa karya dokar yake yi, har majalisa ta ce dokar da ba a bi zubar da mutuncin doka ce. Saboda haka a dokar 1930 aka soke iyakar gudu ga ƙananan motoci ɗungurungum. Kowa ya taka iya ƙarfin injinsa. To a nan ne jiki ya zama magayi. A shekarar 1934 kaɗai mutum 7,343 suka mutu a titunan Birtaniya, kusan rabinsu masu tafiya a ƙasa, alhali motocin ƙasar duka ba su wuce miliyan biyu da rabi ba. Yau da suke da motoci sama da miliyan 40, waɗanda suke mutuwa a shekara ba su kai 2,000 ba.

Ministan sufuri na lokacin, Leslie Hore-Belisha, shi ya tsaya kai da fata aka aiwatar da sabuwar doka. Daga Maris 1935 duk titin da yake cikin gari, wanda ake ganewa da fitilun kan hanya, ba a wuce mil 30. A shekarar ce kuma aka wajabta jarrabawar tuƙi, aka kafa wuraren tsallakawa na masu ƙafa. Direbobi suka yi ca a kansa, ƙungiyoyin masu motoci suka yi ta suka a jaridu. Amma da aka ƙirga gawarwakin 1935 sai aka ga sun sauko zuwa wajen 6,500. Wannan mil 30 da kakanni suka tsine wa, ita ce jikoki suka tashi suka tarar, suka ɗauke ta tamkar da ita aka halicci titi. Shekara 88 tana aiki.

Ita ce kuma direbobin Wales suka fito karewa a 2023. Ranar 17 ga Satumba na shekarar, gwamnatin yankin ƙarƙashin Mark Drakeford ta mayar da iyakar gudu a yawancin titunan cikin gari daga mil 30 zuwa mil 20, wato daga kimanin kilomita 48 zuwa 32. Ba su suka fara ba. Birnin Graz na Ostiriya ya yi irin haka tun 1992, Sifen da biranen Brussels da Paris suka bi sahu a 2021 da kilomita 30. Amma a Wales abin ya zo da zafi. Aka riƙa shafa wa allunan titi fenti, wasu aka tumɓuke su, masu motoci suka yi zanga-zangar tafiyar hawainiya a manyan hanyoyi. Takardar koke da aka kai majalisar yankin ta tara sa hannu kusan 470,000, a yankin da mutanensa ba su fi miliyan uku da 'yan kai ba. Majalisar ba ta taɓa ganin koke mai yawan wannan ba.

Kukan nasu ba duka ne shirme ba. Masu tasi da masu kai kaya da ma'aikatan jinya masu bi gida-gida suka ce lokacinsu shi ne abincinsu. Masu bas suka ce jadawalinsu ya rikice. Wasu suka ce an kashe sama da fam miliyan 30 a kan alluna alhali asibitoci na kuka. Babban ƙorafin shi ne an yi wa tituna kuɗin goro: titin gaban makarantar firamare da faffaɗan titin da ba gida ko ɗaya a gefensa duk an ba su lamba ɗaya.

Ita kuma gwamnati hujjarta lissafi ne wanda ko ni da na sha wuya a darasin lissafi na gane. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya nuna mai tafiya a mil 20, daga sanda ya hango yaro zuwa sanda motar za ta tsaya cak, yana cin mita 12. Mai mil 30 kuwa sai ya ci mita 23. Wato a daidai inda na farko ya riga ya tsaya, na biyu yana nan yana tafe da ƙarfinsa. Kuma ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da maleji, gaba yake yi: ƙarin mil 10 ɗin nan ya fi ninka ƙarfin karon sau biyu. Abin da direba zai yi asara kuwa, a ƙiyasin gwamnatin, kimanin minti ɗaya ne a matsakaiciyar tafiya, domin a cikin gari danja da cunkoso ne suke cin lokaci.

Da shekara ta zagayo alƙaluma suka fito. Waɗanda suka ji rauni ko suka mutu a titunan mil 20 da mil 30 sun ragu da kashi 28 cikin ɗari, kuma waɗanda suka mutu ko suka yi mummunan rauni sun ragu da kimanin mutum 100. Duk da haka gwamnati ba ta ce ta yi daidai a komai ba. A 2024 sabon ministan sufuri, Ken Skates, ya ce za a saurari jama'a, aka ba ƙananan hukumomi sabon ma'auni, wasu manyan tituna aka mayar da su mil 30, na unguwanni da makarantu aka bar su a 20.

Abin da na fahimta daga wannan dogon tarihi shi ne, minti ɗayan da direba ya rasa yana jin zafinsa a take, yana kallon agogo yana tsaki. Shi kuwa yaron da ba a buge ba, babu wanda ya san sunansa, ko uwarsa ba ta san an tsallake da shi ba, balle ta je ta sa hannu a takardar godiya. Shi ya sa kullum muryar masu fushi ta fi tashi. Amma kuma hukumar da ta yi doka ba ta zauna da masu cin abinci a kan titi ba, ita ta jawo wa kanta, ko da gaskiya tana hannunta.

Mu ma nan gida ba baƙin wannan rigima ba ne. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ake fama da gudu. Dokar hanya ta ce kilomita 50 a cikin gari, amma ka tambayi direba goma ka ji nawa za su faɗa maka daidai. Da hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a Fabrairun 2017, kukan da aka yi a tasha bai bambanta da na Wales ba: tsada, ɓata lokaci, neman kuɗi. Bambancinmu da su shi ne, su allo ake kafa musu su yi faɗa da shi, mu kuwa sai an kwashe yaro tukuna unguwa ta fito da siminti.

Na kwashe duk wannan na karanta wa Yaya wani dare bayan ya ajiye mota. Ya yi shiru, can ya ce, "To naji. Amma tudunku na tsakiya ya yi tsayi, kuma da daddare ba a ganinsa." Na duba na ga gaskiyarsa. Muka tara matasa aka sassabe shi aka yi masa gangare, aka shafa wa duka ukun farin fenti. Har gobe in ya zo wucewa sai ya yi mita, ni ma ban fasa tsayawa a ƙofar gida da safe ina kallon 'yata tana tsallakawa makaranta ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kiyaye mu da na mota da na ƙasa baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa.