Ƙawancen Abzinawa da Larabawa a Tawayen Arewacin Mali, 1990-2024

Idan aka yi nazarin tawayen arewacin Mali, yankin da 'yan tawaye ke kira Azawad, za a tarar ƙawancen Abzinawa da Larabawa ya fi ƙarko a wajen sulhu bisa ga fagen daga.

Tawayen ya ɓarke a Yunin 1990 da harin Menaka. Yarjejeniyar Tamanrasset ta Janairun 1991, wadda MPA ta Iyad Ag Ghali da FIAA ta Larabawa suka sa wa hannu, ba ta gamsar da kowa ba, don haka wasu suka ɓalle suka kafa FPLA da ARLA. A ƙarshen shekarar ƙungiyoyin huɗu suka haɗu a inuwar MFUA domin su fuskanci gwamnatin Bamako da murya ɗaya, har aka ƙulla yarjejeniyar ƙasa a Afrilun 1992.

Sai dai kuma zaman 'yan marina suka yi. MPA tana hannun Ifogas, masu sarautar Kidal, ARLA kuwa akasarin mayaƙanta Imgad ne, wato talakawansu na gargajiya, waɗanda ke ganin 'yanci daga Bamako kaɗai bai wadatar ba. A 1994 sai da ɓangarorin biyu suka gwabza da juna, kafin a ƙona makamai a Tambutu a Maris 1996.

Haka aka sake yi bayan MNLA ta ayyana 'yancin Azawad a 2012. Haɗakar CMA, mai ƙunshe da MNLA da HCUA da wani reshe na MAA ta Larabawa, ta sa hannu kan yarjejeniyar Aljas a 2015, alhali ɗaya reshen na MAA yana ɓangaren gwamnati. Gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar a Janairun 2024.