Tsokokin ciki: Aikinsu da yadda ake ƙarfafa su

Bangon cikin ɗan Adam yana da manyan tsokoki iri huɗu. Ta farko ta miƙe daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ita ce ke fitowa gida-gida a jikin 'yan wasa saboda jijiyoyin da suka gitta ta. Biyu suna kwiɓi, su ke juya gangar jiki da karkata ta. Ta huɗu tana can ciki, ta kewaye ciki tamkar ɗamara, tana tallafa wa ƙashin baya. Ƙarfinsu na taimaka wa mai ɗaga kaya a kasuwa da mai wuni a kujerar ofis wajen kare gadon baya.

Atisaye uku

Na farko, a kifa ciki, a dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Na biyu, a yi haka ta gefe ɗaya, sannan a juya. Na uku, a kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi, a ɗaga kafaɗu kaɗan daga ƙasa ba tare da jan wuya ba. Kada a riƙe numfashi, musamman mai hawan jini.

Batun teɓa

Atisayen ciki yana gina tsoka, amma shi kaɗai ba ya narkar da kitsen da ya lulluɓe ta, domin jiki yana ƙona kitse ne daga ko'ina. Teɓa tana sauka idan an rage sukari da maiƙo da yawan ci, aka kuma yawaita motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Lamarin ya wuce kwalliya. Ƙugun da ya haura santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, alama ce ta ƙaruwar haɗarin ciwon sukari da na zuciya.

Mai ciwon kaba, da mai juna biyu ko jego, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba, su tuntuɓi likita kafin su fara.