Rubutun Gayya da Labaran Fada a Tarihin Ɗab'in Zariya

A ƙarshen shekarun 1970 wani salon ƙaga labari ya bayyana a Amurka wanda za a iya kiransa rubutun gayya, wato marubuta da dama su amince da birni guda na ƙage, da taswirarsa da masu mulkinsa da addinansa, sannan kowannensu ya rubuta nasa labarin a cikin birnin, yana aron taurarin abokan aikinsa bisa sharaɗin ba zai kashe tauraron wani ba sai da yardar mai shi. Robert Asprin ne ya buɗe wannan fage da littafin Thieves' World a 1979, amma jerin da ya fi kusantar siyasa shi ne Merovingen Nights na marubuciya C. J. Cherryh, wanda ya samo tushe daga littafinta Angel with the Sword na 1985, aka kuma fitar da kundi bakwai tsakanin 1987 da 1991. Labaran na cikin rukunin ƙagaggun labaran kimiyya, wato waɗanda ake gina su a kan abin da ilimi da ƙere-ƙere za su iya kai ɗan Adam gare shi, domin birnin Merovingen yana wata duniya ce daban da tamu, kuma hanyoyinsa duk na ruwa ne, masu hali suna zaune a benayen sama da gadojinsu, talakawa masu tuƙa kwalekwale suna ƙasa a bakin ruwa, 'ya'yan gwamna kuwa suna ta ƙulla wa juna makirci a kan gadon mulki. Cherryh ba ta jera labaran ɗaya bayan ɗaya ba. Takan yayyanka su ta saƙa su cikin nata, har mai karatu ya ji kamar alƙalami ɗaya ne ya rubuta kundin.

Zariya ba birnin ruwa ba ce, kogunan Kubanni da Galma ne ke ratsa ƙasarta, amma ita ce garin da sana'ar ƙaga labari da boko ta kafu a ƙasar Hausa, kuma duk ginshiƙan wancan salo, wato edita mai haɗa hannaye da yawa, da labarin makircin fada, da tafiya sararin samaniya, sun bayyana a cikinta tun kafin Asprin da Cherryh su fara nasu. Dalilin zaɓen garin a fili yake. Layin dogo da ya haɗa Baro da Kano ya ratsa Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa, aka kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a nan a 1962, unguwanni irin su Jama'a da Hanwa suka cika da malamai da ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Takarda da tawada suna isowa ta jirgi, littafin da aka buga kuma yana fita ta jirgi zuwa makarantun lardunan Arewa.

Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta koma Zariya a farkon shekarun 1930 a ƙarƙashin Rupert East, aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi, talifi kuwa shi ne wallafa sabon littafi maimakon juya na wani harshe. A 1933 East ya zaga manyan garuruwa yana neman malaman da za su rubuta labarin da suka ƙaga da kansu, abin da a lokacin da yawa daga masu ilimi ke ɗauka aikin tatsuniya ne da bai dace da dattijo ba. Gasar ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Wannan na ƙarshe yana ɗauke da sunaye biyu a bangonsa, John Tafida na Wusasa da East kansa, don haka rubutun haɗin gwiwa ya shiga adabin Hausa na boko tun ranar farko. Sauran huɗun ma ba su tsira daga alƙalamin edita ba, domin East yana gyara, yana ragewa, yana kuma tsayar da ƙa'idar rubutu, har da haruffa masu lanƙwasa da ake amfani da su yau.

Makircin fada kuwa ya zauna daram a waɗannan littattafai, kuma ba abin mamaki ba ne, domin wasu daga marubutan sun tashi a gidajen alƙalai da malaman fada, sun san yadda magana ɗaya a kunnen sarki ke ɗaga mutum ko ta kayar da shi. A Shaihu Umar, hassadar fadawa ce ta sa aka yi wa Makau, mijin uwar Umar, ƙage aka kore shi daga gari, daga nan ne duk wahalar Umar da uwarsa ta samo asali. Amma inda abin ya kai matuƙa shi ne Magana Jari Ce, wanda Imam ya zo Zariya daga Katsina a 1936 ya zauna ya rubuta, aka buga shi kashi uku. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya haɗa baki da abokan gaba yana neman yadda zai fitar da yaron daga fada, wani aku kuwa, da ba shi da makami sai bakinsa, ya dinga riƙe Musa da labari dare bayan dare har haɗarin ya wuce. Labaran da akun ke bayarwa Imam ya tsinto da yawansu daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya sauya musu suna da tufafi da gari har suka zama na gida. Aikin da Cherryh ta yi da labaran abokanta bayan shekara hamsin, wato ɗaure muryoyi barkatai da igiyar makirci guda, shi ne Imam ya yi da labaran al'ummomi, kuma a fagen gwanintar harshe nasa bai gaza ba ko kaɗan.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Imam a matsayin edita, Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, hukumar NORLA ta ɗauki aikin littattafan yaƙi da jahilci a shekarun 1950 har ta rushe a 1959, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC ya gaje ta a 1966. A tsakanin nan East da Imam sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittu da taurari da Hausar da ɗan firamare zai fahimta, wanda ya nuna cewa harshen na iya ɗaukar kimiyya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A kan wannan shimfiɗa ne Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya ta hannun NNPC a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Labarin yaro Kilba ne, wanda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Masu nazari na lissafa shi a matsayin farkon ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, kuma abin da ya bambanta shi da Ganɗoki, wanda shi ma ya bar duniyar mutane ya shiga ta aljannu, shi ne cewa jirgi ne ya kai Kilba, ba tsafi ko laya ba. Abin takaici ne ƙwarai cewa littafin ya daɗe shi kaɗai a fagensa.

Gayya ta gaske, inda labari ba shi da mai shi guda, a Samaru ta bayyana, ta hanyar wasan kwaikwayo. Bayan Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, an gina dandalin wasa da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagayayyu masu jinka suna kewaye da tsakar gida, 'yan kallo na zaune kusa da 'yan wasa har suna jin numfashinsu. Malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa tura ɗalibai cikin unguwannin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, su saurari kukan jama'a a kan taki da ruwan sha da tsaftar gari, su dawo su ƙulla wasa tare ba tare da rubutaccen littafi ba, sannan su mayar wa mutanen da shi a dandalinsu. Makircin da ke cikin waɗannan wasanni na dillalin taki ne da ɗan kwangila, ba na waziri ba.

Duk da haka gidajen ɗab'in Zariya ba su haɗa waɗannan ginshiƙai sun fitar da jeri irin na Merovingen ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina sana'ar. Babban mai sayen littafin Hausa a wancan lokaci shi ne ma'aikatar ilimi, ita kuwa littafi ɗaya mai marubuci ɗaya take so, wanda za a sa a manhaja a yi jarrabawa a kansa, alhali jerin gayya yana rayuwa ne da mai karatun da zai ciro kuɗinsa ya sayi kundi na gaba. Gasar NNPC ta 1978 ta fitar da littattafan Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah a 1980, Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya shiga siyasar jam'iyyu kai tsaye da littafinsa Tura Ta Kai Bango, amma taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta tsadar da takarda, gwamnatocin jihohi suka rage saye, kamfanin ya ja baya. Mai karatun da ke saye da kuɗinsa ya bayyana ne a Kano, inda marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna taimakon juna wajen bugawa da tallatawa, kowa kuma yana riƙe da garinsa da taurarinsa.