Tarihin Ba 'Yan Makaranta Shawara Daga Nesa

Tun zamanin da, in abu ya dami yaro yakan nufi wanda ya girme shi, ko kaka, ko kawu, ko malaminsa, ya durƙusa ya faɗi. Amma akwai damuwar da kunya ba ta barin baki ya furta, balle ga mutumin da za a sake haɗuwa da shi gobe da safe. Irin wannan damuwa kuwa ta fi samun samari da 'yammata waɗanda suka kai shekarun makarantar sakandare. Saboda haka aka daɗe ana neman hanyar da yaro zai faɗi abin da ke ransa, ba wanda ya ga fuskarsa.

Asalin Al'amarin

A cikin shekara ta 1935, a garin Lincoln na ƙasar Ingila, aka sa wani saurayin limamin Kirista, ana ce da shi Chad Varah, ya yi jana'izar wata yarinya wadda ba ta wuce shekara 14 ba. Yarinyar nan ta fara ganin al'ada ne, ba wanda ya taɓa gaya mata ko mene ne. Ta zaci wata muguwar cuta ce ta kama ta, ta rasa wanda za ta tambaya, sai ta kashe kanta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin nan bai fita ran Chad Varah ba. Ran 2 ga watan Nuwamba 1953 ya kafa tarho a wata majami'a a birnin Landan, ya yi shela cewa duk wanda duniya ta yi wa zafi ya buga. Mutane suka yi ta bugowa, waɗansu suka zo da ƙafarsu. Sai ya lura da wani abu. Masu taimakonsa da ke ba baƙi shayi kafin layi ya zo kansu, sukan zauna su saurare su, har da yawa su tashi su tafi da sanyin zuciya, ba su ko jira ganinsa ba. Daga nan ya gane sauraro shi kansa magani ne. Ƙungiyar da ya kafa ita ce ake kira Samaritans.

Wannan ta kowa da kowa ce. Ta yara zalla kuwa sai a watan Oktoba 1986, sa'ad da wata ma'aikaciyar talabijin, Esther Rantzen, ta shugabanci buɗe Childline a Ingila. Kyauta ake bugawa, kuma ba a tilasta wa yaro ya faɗi sunansa. A daren farko an yi ƙoƙarin bugowa wajen sau 50,000, har layin ya cushe. A nan aka ga yawan yaran da suka daɗe suna shiru.

Daga Murya Zuwa Rubutu

Tarho ma yana da tasa wahala. Yaron da ke ɗaki guda da 'yan'uwansa ba shi da inda zai ɗaga murya. Da intanet ta bazu, sai Samaritans suka fara karɓar wasiƙa ta kwamfuta a 1994. Childline ita ma ta buɗe hira ta rubutu a 2009, ba a kuwa daɗe ba masu rubutowa suka fi masu bugowa yawa.

Sa'an nan masana suka ce, tun da masu ba da shawara ba su isa ko'ina ba, me zai hana a zuba darasin cikin kwamfutar kanta? Akwai wata hanya da likitocin tunani ke bi, watau su koya wa mutum ya kama mugun zaton da ke faɗo masa, ya auna shi, ya musanya shi da wanda ya fi kusa da gaskiya. Misali, yaro ya faɗi lissafi sau ɗaya, zuciyarsa ta ce masa shi daƙiƙi ne har abada. Sai a koya masa ya tambayi kansa ko ina shaidar haka. A 2001 wata jami'a da ke Kambera, babban birnin Ostareliya, ta shirya wannan koyarwa kashi biyar a intanet, ta sa mata suna MoodGYM.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

Masanan ba su tsaya ga zato ba, sai da suka gwada. Yadda suke yi shi ne su raba yara kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya abin, a bar ɗayan, bayan 'yan watanni a gwama. An yi haka da MoodGYM ga yara 1,477 a makarantu 30 na Ostareliya, aka bayyana sakamakon a 2009. Fargaba ta ragu ga waɗanda suka yi darasin, har bayan wata shida. Baƙin ciki mai nauyi kuwa ga maza kaɗai aka ga ya ragu.

A maƙwabciyar ƙasa, Niyu Ziland, wata likita mai suna Sally Merry da abokan aikinta na Jami'ar Auckland suka mai da darasin wasan kwamfuta mai hawa bakwai, suka kira shi SPARX. A cikinsa yaro yakan yaƙi waɗansu baƙaƙen halittu masu tashi, waɗanda ke madadin miyagun tunani. Aka gwada shi ga yara 187, masu shekara 12 zuwa 19, waɗanda baƙin cikinsu bai yi tsanani ƙwarai ba. A 2012 aka bayyana cewa wasan bai kasa shawarar ido da ido ba. Cikin waɗanda suka yi shi, kashi 44 cikin ɗari sun warware, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 26. A 2014 Gwamnatin ƙasar ta buɗe shi kyauta ga yaranta.

To, Ina Batun Maki?

Wannan ita ce tambayar iyaye da malamai. Kowa ya san yaron da bai yi barci ba saboda zullumi ba ya riƙe karatu. Sai aka ɗauka in zuciya ta kwanta, maki zai hau nan da nan. Gwaji bai goyi bayan wannan ɗauka sosai ba.

A birnin Sidni na Ostareliya aka ba 'yan ajin ƙarshe wani nau'i na SPARX kafin babbar jarrabawarsu ta fita. Yara 540 ne daga makarantu 10, aka bayyana sakamakon a 2017. Waɗanda suka yi wasan sun fi sauran sauƙin zuciya har wata shida, amma da jarrabawa ta fito ba a ga bambanci tsakanin makin kashin biyu ba.

A Amurka kuwa aka bi ta wata fuska. Aka shirya ɗan darasi a intanet wanda bai kai sa'a guda ba, mai koya wa yaro cewa basira tana ƙaruwa da ƙoƙari da kyakkyawar dabara, kamar yadda damtse ke ƙarfi da aiki. Aka gwada ga yara wajen 12,000 a makarantu 65, aka bayyana a 2019. Makin masu rauni ya hau, amma kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin goma na maki guda, a ma'aunin da ƙarshensa 4. Ya kuma fi tasiri a makarantun da sauran yara ba sa yi wa mai ƙwazo ba'a. Watau darasin ya fi kamawa inda jama'ar da ke kewaye da yaro suka taya shi.

Iyakar Na'ura

Babban aibin da aka yi ta gani shi ne rashin ƙarasawa. A gwajin MoodGYM ba su kai rabi ba waɗanda suka gama kashi biyar ɗin. Da aka gwama yaran da suka yi shi a aji, malami na tsaye, da waɗanda suka shiga su kaɗai a gida, na aji sun yi musu nisa ƙwarai.

Na biyu, masu magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai ba da shawara daga nesa ba ya ganin rama, ba ya ganin tabon duka. Saboda haka yaron da abinsa ya yi tsanani, har yana tunanin hallaka kansa, tilas a sada shi da likita da mutanen da za su zauna tare da shi.

Na uku, ba kowa ke da hanyar ba. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a ƙasashe fiye da 190, masu ba da shawara a wurare da yawa suka koma aiki ta waya da kwamfuta. A shekarar nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kashi biyu cikin uku na yaran duniya masu shekarun makaranta ba su da intanet a gida. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuwa wajen kashi 95 cikin ɗari ne ba su da ita.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, na'ura ta buɗe wa yaro mai kunya ƙofar da da ba shi da ita, tana kuma rage masa nauyin zuciya. Maki kuwa sai an haɗa da karatu da malami mai kula. Yarinyar Lincoln ba ta rasa komai ba sai mutum guda da za ta tambaya ya amsa mata. Uba ko uwa da suka ga ɗansu ya daina cin abinci, ya daina wasa, makinsa yana sauka, suna iya zama wannan mutum tun kafin a kai ga waya.