Karen Hidima da Tsohon Soja: Nazarin Hujjojin da Aka Tattara a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi binciken da aka wallafa a Amurka daga 2018 zuwa 2024 kan amfanin karen hidima ga tsofaffin sojojin da yaƙi ya bar wa naƙasa ko ciwon firgici. Ta nuna cewa sojojin na samun sauƙi, amma hujjar da ke hannu ta fi jingina sauƙin ga zaman soja da karensa fiye da ayyukan tsaro da ake koya wa karen.

Gabatarwa

Yaƙi ne ya haifi wannan sana'a. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, likita Gerhard Stalling ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a Oldenburg ta ƙasar Jamus domin sojojin da suka dawo gida makafi. Ba'amurkiya Dorothy Eustis ta ga irin wannan horo a Potsdam, ta ba da labarinsa a wata mujalla a 1927, kuma daga nan aka kafa makarantar The Seeing Eye a 1929.

Inda naƙasar ta jiki ce, babu wata doguwar muhawara. Sojan da bam ɗin gefen hanya ya raba da ƙafafunsa a Iraƙi yana bisa keken guragu, makulli ya faɗi, kare ya ɗauko. Ya buɗe masa ƙofa, ya kunna fitila. Ido na ganin aikin. Gardama tana kan raunin da ba a gani, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, kuma aka shigar da shi kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980. Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kashi 7 cikin ɗari na tsofaffin sojoji kan kamu da shi a rayuwarsu, adadin kuma ya kai kashi 29 ga waɗanda suka yi yaƙin Iraƙi da Afganistan.

Kare iri biyu

Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, bisa ƙa'idojin da aka sabunta a 2010, ta ce karen hidima shi ne wanda aka horar ya yi wani takamaiman aiki da ya shafi naƙasar mai shi. Shi ke da izinin shiga kanti da asibiti da motar haya. Karen ɗebe kewa, wanda zamansa kawai ke sanyaya zuciya, ba shi da wannan izini. Bambancin ba baƙo ba ne ga wanda ya karanci fiƙihu, inda horarren karen farauta ke da hukuncinsa daban.

Ayyukan da ake koya wa karen mai ciwon firgici sun kasu. Akwai na katse damuwa: in numfashin soja ya sauya ko ƙafarsa ta fara rawa, kare ya zungure shi da hanci ko ya kwanta a cinyarsa, in yana mugun mafarki, ya tashe shi. Akwai kuma na tsaro: ya tsaya a gabansa don kada jama'a su matso, ya tsare masa baya a layin kanti, ko ya riga shi shiga ɗaki ya zagaya.

Abin da bincike ya nuna

A 2018 Marguerite O'Haire da Kerri Rodriguez na Jami'ar Purdue sun nazarci tsofaffin sojoji 141 da suka nemi kare a ƙungiyar K9s For Warriors da ke Florida: 75 sun karɓi kare, 66 na jiran layi. Masu kare sun fi ƙarancin alamomin ciwon da baƙin ciki, sun fi shiga jama'a, ko da yake ciwon bai rabu da su ba. A 2024 Sarah Leighton da O'Haire da abokan aikinsu sun wallafa wani binciken a mujallar JAMA Network Open kan mutum 156. Bayan wata uku, yiwuwar likita ya sami mai kare da ciwon ta yi ƙasa da kashi 66 cikin ɗari idan aka kwatanta da mai jira.

Waɗannan alƙaluma na da nauyi, amma da lauje cikin naɗi. Ba ƙuri'a aka jefa wajen raba mahalarta ba, kuma duk wanda ya shiga layi ya riga ya yi imani da kare. Mai jira kuma yana cikin zaƙuwa, wadda ita kanta tana iya ƙara masa damuwa.

Binciken da ya jefa ƙuri'a shi ne na Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2021. Ya sha wuya kafin ya kankama: zagayen farko da aka soma a Tampa a 2011 an dakatar da shi bayan karnuka sun ciji yara, wasu kuma an same su da rashin lafiya. A sabon zagaye, a Atlanta da Iowa City da Portland, an haɗa mutum 97 da karen hidima, 84 da karen ɗebe kewa, aka bi su wata 18. Ɓangarorin biyu duk sun sami sauƙi. A manyan ma'aunan da aka sa a gaba, wato naƙasa da ingancin rayuwa, ba a ga bambanci ba. A ma'aunin alamomin ciwon, mai maki 80, masu karen hidima sun ɗara da maki 3.7. Rata ce ta gaske, sai dai ƙarama ce. Abin takaici, ba a ware rukunin da ba shi da kare ko kaɗan ba, don haka binciken bai amsa tambayar da ta fi kowace sauƙi ba, wato ko samun kare ya fi rashinsa.

Tattaunawa

Maganar sojojin da kansu ta yi daidai da wannan sakamako. A binciken Rodriguez na 2020, sun ce cikin ayyukan horo katse damuwa da kwantar da hankali ne suka fi muhimmanci, kuma su suka fi amfani da su kullum. Amma da aka haɗa jimilla, halayen da ba wanda ya koya wa karen, kamar zama kusa da mai shi ba tare da tuhuma ba, sun fi ayyukan horon samun maki. Ga kuma abin da kare ke tilasta wa mutum: dole a tashi da safe, a ba shi abinci, a fita da shi waje.

Ayyukan tsaro ne suka fi jawo shakku, kuma a ganin mai wannan nazari shakkun na da tushe. Jiyyar da ta fi ƙarfin hujja a wannan ciwo tana sa majinyaci ya tunkari abin da yake gudu sannu a hankali, har jikinsa ya yarda cewa kasuwa ba fagen daga ba ce. Karen da ke binciken ɗaki kafin a shiga yana iya tabbatar wa soja cewa akwai abin tsoro a ciki. Masu horo na mayar da martani da cewa wanda bai iya fita ƙofar gidansa ba, ba zai kai ga ofishin likita ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma tana nuna cewa abin aunawa a gaba shi ne ko soja na rage dogaro da waɗannan ayyuka yayin da jiyya ke tafiya.

Dokar PAWS da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta bi wata hanya daban. Ta kafa shirin gwaji na shekara biyar a cibiyoyin ma'aikatar guda biyar, inda masu ciwon ke taya horar da karnukan da za a miƙa wa 'yan'uwansu sojoji, ana ɗaukar horarwar kanta a matsayin ɓangaren jiyya.