Tarihin Ƙin Cin Abinci a Wurin Yara Masu Galahanga: Wa Aka Ɗora wa Laifi?



A unguwanninmu na nan kudu, daga Agege zuwa Sabo ta Ibadan har Ama Hausa ta Owerri, da wuya a rasa gidan da ke da yaron da ba ya cin komai sai abu biyu ko uku. Wani biredi da shayi, wani farar shinkafa ba miya, wani Indomie, ita ma sai an dafa ta yadda ya saba. In ya ji warin daddawa ya toshe hanci, in ya ga yauƙin kuɓewa ya hau yunƙurin amai. Wasu daga cikin yaran nan suna da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Abin da muka saba faɗa shi ne uwar ce ta sangarta shi. Wannan zargi yana da tarihi. Likitocin Amurka sun riga mu yin sa, daga baya kuma suka janye shi.

A shekarar 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, mai suna Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11, maza 8 mata 3, waɗanda halinsu bai yi kama da wata cuta da aka sani ba. Daga rubutun nan ne aka fara ɗaukar galahanga a matsayin lalura mai zaman kanta. Abin lura shi ne, 6 daga cikin yaran sun sha fama da cin abinci tun suna jarirai, har akwai yarinyar da aka riƙa ciyar da ita ta bututu sai da ta shekara guda.

Na farko a jerin shi ne Donald Triplett, ɗan jihar Mississippi, haifaffen 1933. Mahaifinsa ya rubuta wa Kanner doguwar wasiƙa, ya ambata cewa cin abinci kullum matsala ne ga yaron, ko ganin yara na shan alewa ba ya ba shi sha'awa. Kafin nan an raba shi da iyayensa an kai shi wani gidan renon yara na gwamnati, ya yi kamar shekara guda, suka je suka ɗauko abinsu. Donald ya girma a cikin danginsa, ya yi karatu, ya yi aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

To amma me ke hana yaran ci? A wancan zamani duk abin da ya samu yaro, uwa ake dubawa. Kanner da kansa ya rubuta cewa iyayen yaran ba su da sakin fuska da jan 'ya'ya a jiki. Daga nan aka samu laƙabin "uwa firji", wato uwar da zuciyarta ta yi sanyi ƙalau ga ɗanta. Bruno Bettelheim, wanda ke riƙe da wata makaranta a Chicago, shi ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi, musamman a littafinsa na 1967. A ganinsa yaron ya rufe kansa ne don ya ji uwar ba ta son sa, magani kuma shi ne a raba su. Mata da yawa sun yi shekaru ɗauke da laifin da ba su aikata ba.

Iyaye ne suka fara rusa wannan magana. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da lalurar, ya fitar da littafi a 1964 yana kawo hujjar cewa asalin abin a halittar ƙwaƙwalwa yake. A 1969 Kanner ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga laifi. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka yi bincike a Ingila kan tagwaye 21. Cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya, 4 duka biyun suna da lalurar, cikin 10 marasa kama ɗaya kuwa babu ko ɗaya. Wannan ya nuna gado yana da babban hannu.

Da aka sauke laifi daga kan uwa, sai wasu suka mayar da shi kan abincin da allurar rigakafi. A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa rahoto kan yara 12 a Landan, yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da ciwon hanji da galahanga. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma kwace lasisinsa na likita saboda rashin gaskiya. A tsakanin nan aka yi ta tallar cewa a hana yaro alkama da madara zai warke. Bincike bai tabbatar da haka ba. Mu duba ma da hankali: yaron da biredi da madara ne kaɗai abincinsa, in an hana shi su, me ya rage masa?

Amsar gaskiya ta fito ne daga bakin masu lalurar. Temple Grandin, wadda ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka, ta bayyana a littafinta na 1986 yadda ƙara ke huda mata kunne, da yadda tufafi masu kaushi ke azabtar da fatarta. Wasu da suka biyo bayanta suka faɗi irin haka game da abinci. Ƙwaƙwalwarsu tana karɓar wari da ɗanɗano da laushi ko kaushin abu da ƙarfin da ya wuce namu. Gudaji ɗaya a cikin kunu, wanda mu ko lura ba ma yi, ga yaron kamar tsakuwa ce a baki. Shi ya sa yake manne wa biskit da taliyar leda: kullum ɗanɗanonsu ɗaya. Tuwo kuwa yau ya yi tauri gobe ya yi ruwa, miya yau yaji gobe gishiri.

Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka wannan bambanci na ji a cikin alamomin gane galahanga, ta kuma ba matsanancin ƙin abinci suna na kansa, ARFID. A shekarar ce William Sharp da abokan aikinsa suka haɗa binciken da aka yi a baya, suka gano yaran nan sun ninka sauran yara kusan sau 5 wajen matsalar ci, kuma suna samun ƙarancin sinadarin ƙarfafa ƙashi da na gina jiki. Shekara 70 ke nan bayan Kanner.

A Afirka kuwa an daɗe ana cewa lalurar ta Turawa ce. A 1978 Victor Lotter ya wallafa binciken da ya yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Ghana, ya kuma samu yara masu ita. Daga baya Dokta Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Enugu da abokan aikinsa suka nuna cewa yaranmu ba sa isa asibiti sai sun girma, kuma har cikin ma'aikatan lafiya akwai masu danganta abin da iskoki.

Mu ma muna da namu bayanin. Mukan ce ɗan ruwa ne, ko an yi masa baki, ko uwar ce ba ta iya reno ba. Maganinmu biyu ne: ɗura, ko a bar shi da yunwa har ya ci. Ɗura tana iya tura kunu cikin huhun yaro, kuma tana koya masa tsoron kwano da cokali, har abin da yake ci a da ya daina. Yunwa kuwa ba ta lanƙwasa irin wannan yaro kamar sauran yara. Yana iya ramewa yana kallon abinci. Likitoci sun rubuta labarin yara masu galahanga da dasashinsu ya riƙa jini, da waɗanda ganinsu ya raunana, saboda rashin sinadaran da ke cikin 'ya'yan itace da ganye.

Abin da masana suka tsaya a kai yanzu mai sauƙin faɗa ne, sai dai yana son haƙuri. Kada a cire abincin da yaro ya amince da shi. A ajiye sabon abu ɗan kaɗan a gefen kwanonsa, ya saba da ganinsa, ya taɓa, ya shinshina, kafin a yi zancen ɗanɗanawa, ko da zai ɗauki makonni. A fara da abin da ya yi kama da wanda yake so: mai son ƙurumƙurum a gwada masa ƙuli-ƙuli ko soyayyar doya kafin a kai ga miyar kuka. A duba haƙoransa da bayan gidansa, domin ciwon haƙori da taurin bayan gida suna hana ci, yaron kuma ba lallai ya iya faɗa ba. In yana ramewa ko abincinsa na ƙara raguwa, a kai shi wurin likitan yara. Mazauna Legas akwai sashen yara na asibitin Yaba da ke Oshodi, na Ibadan kuma akwai UCH.

Mu da ke zaune nesa da gida, uwar irin wannan yaro sau da yawa ba ta da kaka ko gwaggo kusa da za ta karɓe ta. Maƙwabta su ne danginta. In mun gan ta a wurin suna ko biki ta fito da biredin ɗanta daga jaka, mu bar ta da gori, mu matsa mata wuri.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba iyayensu juriya.