Kalmar "Shawara" a Matsayin Sunan Ciwo: Tarihinta da Amfaninta a Garin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na da "shawara" iri biyu: ta neman ra'ayi, wadda aka aro daga Larabci, da ta ciwo, wadda kan mayar da ido da fitsari rawaya. Wannan maƙala ta dubi ta biyun, da yadda ma'anarta ta faɗaɗa har ta soma rikitarwa.

2.0 Asalin Kalmar

Akwai masu ganin sakayawa ce, irin wadda ta sa ake kiran maciji "igiyar ƙasa", wai domin ciwo ne da ba a taɓa shi sai an nemi shawarar manya. Littattafan ɗibbu na Larabci suna kiransa "yaraƙan", amma wannan suna bai fita daga zauren malamai ba. A gargajiyance alamar ake dubawa, shi ya sa ake jiƙa saiwar rawaya a ba majinyaci, tsiron da launin ya samo suna daga gare shi.

3.0 Faɗaɗar Ma'ana

Likitancin zamani ya nuna cewa rawayar ido alama ce kawai. A 1927 aka ware ƙwayar zazzaɓin da sauro ke yaɗawa mai taɓa hanta, kuma a 1937 Max Theiler ya samar da rigakafinsa. Da aka zo fassara, sai aka ce "zazzaɓin shawara". Haka nan ciwon hanta da rawayar jarirai duk suka shige ƙarƙashin kalma guda.

Illar haka ta fito fili a Bauchi, inda Hausa ta haɗa Gerawa da Jarawa da Fulani. A watan Agustan 2019 zazzaɓin ya ɓulla a yankin Gandun Dajin Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, aka shiga kiran jama'a zuwa allurar rigakafi. Alhali kuwa tsohon camfi ya ce ba a yi wa mai shawara allura. Wanda ya ji sanarwa da wannan kalma, yana iya ɗauka ciwon da kakarsa ke jiƙa wa saiwa ake nufi.

4.0 Kammalawa

Ya kamata masana harshe da likitoci su bar "shawara" ga alamar kaɗai, su daidaita wa kowace cuta sunanta, tun da sanarwar rigakafi da harshen jama'a take isa kunnensu.